Na Faɗi Kwas Biyu a Jami'a, Ina Mafita?

Tambaya: Malam, na faɗi kwas biyu a zangon farko na aji biyu. Shin za a bar ni in sake jarrabawar nan take?

Amsa: Ɗana, a yawancin jami'o'in Najeriya ɗaliban likitanci ne kawai ke samun wannan dama. Kai sai ka jira zangon farko na baɗi, ka yi rajistar kwasa-kwasan da ka faɗi kafin sababbi, sannan ka sake halartar darasi da gwaji, domin galibi makin gwajin bara ba ya biyo ɗalibi. Abin da ya fi damuna shi ne wa'adi, tunda ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ba ta yarda digirin shekara 4 ya wuce shekara 6 ba. Ka nemi jami'in jarrabawa na sashenku tun kafin a buɗe rajista.