Zama kusa da tashar Kichijoji

Ka tambaya ko zama kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kichijoji, a Japan, zai yi wa ɗalibin da ke karatu a Shinjuku, unguwa a tsakiyar Tokyo. Zai yi, ɗan'uwa, in aljihu ya ɗauka, don haya a unguwar tana da tsada.

Tashar tana birnin Musashino, yamma da tsakiyar Tokyo, kuma tun 1899 take aiki. Jirgin layin Chuo mai sauri yana kai ka Shinjuku cikin kamar minti 15. Layin Keio Inokashira kuma daga nan yake tashi zuwa Shibuya, saboda haka in ka yi haƙuri a layi za ka samu kujera.

Matsalar ita ce safiya. Tsakanin ƙarfe 7 da 9 jirgin Chuo cika yake maƙil, ko hannu da kyar za ka ɗaga. Ka maida jakarka gaba, kada ka amsa waya a ciki. Ka kuma lura da taragon mata, kada ka afka masa cikin gaggawa.

Ka sayi katin Suica, wanda ake biyan kuɗin jirgi da shi, ka ɗora masa tikitin wata-wata na ɗalibai. Sai makarantarku ta ba ka takardar shaida kafin a yi maka rangwamen.