Kafin ka jona kabil ɗina a motar kowa

Hamadu, ka ce ka jona kwamfuta a Corollar malamin makarantar nan, manhaja ta yi ta juyi sannan ta ce ba ta ga mota ba, shi ne kake tambaya ko a kai ta babbar kasuwa a sake mata Windows. Wa ya ce maka Windows ce? Ku yaran yanzu da abu ya ƙi, allo kuke tuhuma, don allon kaɗai kuka iya kallo. Mota tana gabanka, mitar auna wuta tana rataye a ƙusa tun safe, ba ka taɓa ko ɗaya ba. Kuma wa ya ba ka izinin jona kabil ɗina a motar da ban ga an tayar da idona ba?

Ajiye wayar nan ka ji abin da ya sa nake tada jijiyar wuya a kan wannan.

A 2013 ne, cikin zafin bazara, lokacin masu kwamfutar duba mota a Garwa ba su da yawa. Na iso gareji da sassafe na tarar da farar Hilux mai injin 2KD an gyara mata tsayuwa a ƙofa. Mai ita wani Alhaji ne mai fataucin albasa daga Marwa zuwa kudu, yana zaune a kan bencina yana jan carbi, da mutum biyu a gefensa. Muka gaisa har da tambayar iyali. Ya ce motarsa lafiyarta ƙalau, da ƙafarta ta zo, wata 'yar fitila ce kawai take kamawa tana ɗaukewa, ya ji labarin ina da na'urar da ke karanta cikin mota, shi ya sa ya tsallake garejin kowa ya zo nawa. Ya iya magana, wannan kam ba zan hana shi ba.

Na jona. Shiru. Na murɗa makulli, fitilar inji ba ta kama ba. Na ba ta wuta, inji yana juyawa amma ya ƙi tashi. Kafin in ɗago kai Alhaji ya riga ya miƙe yana salati, hula a hannu, wai na kashe masa mota. Mutum biyun nan da na ɗauka 'yan rakiya ne ashe shaidu aka zo da su. Ɗaya ya rantse a cikinta ya zo, ɗaya ya ce ya ji wani ƙas lokacin da na cusa kabil. Kan ka ce kwabo masu shayi da 'yan acaba sun cika ƙofar gareji, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa a kan na'urar Nasara mai cinye mota.

Na ciro ƙwaƙwalwar motar, wato akwatin kwamfutar da ke sarrafa inji, daga bayan akwatin gaban fasinja na buɗe ta a gaban kowa. Warin ƙuna ne ya fara dukan hanci, tsohon wari, ba na yanzu ba. Ɗan diyod ɗin da ke tsare hanyar shigar wuta ya tsage biyu, layin tagulla na gefensa ya zama gawayi. Na yi bayani har muryata ta dushe, cewa abin da ke fita daga kwamfuta ta USB volt 5 ne, ba shi da ƙarfin da zai yi wannan ɓarnar ko da ya kwana a jone. Wa zai saurare ni? Ga mai babbar riga da carbi, ga mai baƙin mai har gwiwar hannu. Aka je gaban hukuma, aka dawo gaban manyan unguwa, aka ce a yi sulhu, sulhun kuma shi ne ni in sayo wata. Sai da aka nemo mai lamba iri ɗaya daga Duwala, aka biya wanda zai daidaita ta da makulli. Sefa dubu 450 suka tashi. Kuɗin da nake tarawa ne in rufa wa garejin nan kwano, shi ya sa har yau kake aiki a ƙarƙashin tamfol.

Bayan damina wani yaron tirela ya zo gyaran fitila, hira ta yi hira, sai ga labarin ya fito daga bakinsa yana dariya, bai san da wa yake magana ba. Batirin Hilux ɗin ne ya mutu da dare a wajen Figil, suka roƙi mai tirela ya ba su wuta, aka ɗauko daga batir biyun da ke haɗe, volt 24 cif, hayaƙi ya tashi. Da igiya aka jawo ta Garwa cikin dare, aka tura ta ƙofata kafin kiran assalatu. Yaron da ke wajena a lokacin ma ya ga igiyar a bayan motar, ya ga sabon goge a ƙugiyar gaba, bai ce uffan ba, wai ba a tambaye shi ba. Alhajin yana nan da ransa, ranar Juma'a shi ke fara miƙo min hannu. Na bar shi da Allah, amma yafiya kam ban yi ba.

To dokar farko a garejin nan ba ta shafi kwamfuta ba. Ɗora tafin hannunka a kan bonet ka ji ko da ɗumi. Miƙa wa mai mota makullinsa, shi da kansa ya murɗa, ku kalli dasbod tare. Fitilar inji ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin kunna ta, don haka idan ba ta kama ba, ko dai ƙwaƙwalwar ba ta samun wuta, ko ta mutu, ko kuma dillali ya cire ƙwan ya liƙe wurin don ya sayar da motar. Kowanne ne, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji tun kabil yana cikin jaka.

Sannan mita. Soket ɗin mota da ake jona kabil a ciki, wanda ake kira OBD, rami 16 ne, idan faffaɗan gefen yana sama, 1 zuwa 8 a jeren sama daga hagu, 9 zuwa 16 a ƙasa. Wasu motocin a kife aka ɗaura shi, saboda haka ka duba kafin ka ƙirga. Rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, ko makulli yana aljihunka dole ka ga volt 12 da ɗoriya. Na 4 da na 5 mas ne, wato wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota, tsakaninsu da jikin mota kada ya kai ohm ɗaya. Corollar da kake kuka da ita, ina kyautata zaton a nan maganarta za ta ƙare: Toyota tana da ɗan fiyus na amfiya 7.5 a ƙarƙashin dasbod an rubuta masa OBD, a wasu motocin kuma da soket ɗin sigari suke raba fiyus ɗaya, sai cajar waya ta arha ta ƙona shi mai mota bai ma sani ba. Idan ka same shi a ƙone ka sa irinsa. Na kama ka kana naɗa masa zaren waya, ranar za ka koma gidanku.

Kuma kada ka cusa bakin mita cikin ramin da ƙarfi. Rabin soket ɗin da ke yawo a garin nan bakinsu ya buɗe saboda masu tsikara da ƙusa, sauran rabin ƙurar hunturu ta cika su. Rami ya saki, ƙafar kabil tana ciki tana lilo, kai kana can kana zagin Windows.

Idan wuta da mas sun cika, sai ka san ta wane layi motar take magana. Corolla irin ta 2003 layin K take amfani da shi, rami na 7. Sababbi CAN ne, na 6 da na 14. Cire kan batir, ka ɗan jira, ka auna tsakanin biyun. Kusan ohm 60 ake nema, littafin Toyota ya ba da 54 zuwa 69, saboda akwai rezista biyu masu 120 a ƙarshen layin nan da can. Ka ga 120, ɗaya ta ɓace, wato waya ta tsinke ko an cire wani akwati. Ka ga kusan sifili, wayoyin sun haɗe da juna. Idan ka mayar da kan batir, da makulli a buɗe kowanne yana wasa ne kusa da volt 2.5, na 6 ya ɗan ɗara, na 14 ya ɗan gaza. Ka ga 12 a kan ɗayansu, kada ka kuskura ka jona min kabil. Nemi aikin masu sa rediyo mai allo da masu sa na'urar bin sawun mota, su ne ke feɗe kowace waya suka samu su murɗa tasu a kai su naɗe da leda. Akwatin birki na ABS da ruwa ya shiga shi ma yana iya rufe bakin layin gaba ɗaya, ka cire soket ɗinsa ka ga sauran sun dawo. Haka sensa ɗaya da ta haɗe layin volt 5 da mas tana iya kwantar da ƙwaƙwalwa kamar ta mutu. Ƙwaƙwalwa nawa aka zubar a garin nan da ranta saboda sensar sefa dubu goma?

Yadda ake buɗe manhaja da zaɓen irin mota ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai san wannan ba ya je bakin titi ya sayar da fetur a kwalba.

Sai ka gama da mota sannan ka waiwayi kabil, gwajinsa kuma ɗaya ne: kai shi motar da ka san tana magana, ga Yaris ɗina nan. Ya yi a can, to ba shi ba ne. Ya ƙi, duba ko Windows tana ganinsa. Kabil ɗin KKL na tsofaffin Golf da Passat yana son lambar COM, wato lambar da Windows ke ba ramin da aka jona shi, tsakanin 1 da 4, Windows kuwa sai ta jefa shi ta 11 idan ka sauya masa rami. Direba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane kabil, na Mini VCI da ke aiki da Techstream ta Toyota don Windows mai bit 32 aka yi shi, shi ya sa na bar tsohuwar kwamfutar nan a kan Windows 7 duk dariyar da kuke mata. Kuma na hana a sa mata intanet. A 2014 kamfanin FTDI mai ƙera guntun lantarki da ke cikin irin waɗannan kabil ya saki wani direba ta hanyar sabunta Windows wanda ya riƙa sumar da kabil masu jabun guntu, kayan da ke kasuwarmu kuwa ka san asalinsu. Kai kuma na gan ka rannan kana neman haɗa ta da wayarka ka kalli ƙwallo.

Ɗan shuɗin abin karanta motar nan ELM327 da abokanka ke saya suna ɗaukar hoto da shi suna kiran kansu injiniya, mai lamba 1.5 ɗin nan, kamfanin Kanada da ya ƙirƙiri guntun bai taɓa fitar da 1.5 ba. Wani ELM327 ɗin yana karanta CAN ya kasa layin K. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Peugeot da Citroën kabil ɗin Lexia suke so da manhajar Diagbox, Renault kuma na'urar Clip. Kuma ganin soket mai rami 16 ba shi ke nuna motar tana jin yaren kowa ba. Amurka ta wajabta wannan yaren bai ɗaya, wato OBD2, daga 1996, ta wajabta CAN daga 2008, Turai ta fara da masu fetur a 2001, masu dizal a 2004. Motocin Dubai da na cikin Japan wannan dokar ba ta hau kansu ba, da yawa sai na'urar kamfaninsu. Land Cruiser mai injin 1HZ da ke zirga-zirga tsakanin Kuseri da Njamena kuwa famfonta na ƙarfe ne, na taɓa ganin wani yaro kwance a ƙarƙashin sitiyarinta da tocila yana neman abin da zai karanta.

Manyan motocin hanyar Ngaundere volt 24 ne a rami na 16, kabil ɗin ƙananan motoci ya shiga nan ya gama aiki. Sauya wa ƙwaƙwalwa manhaja kuma ba naka ba ne tukuna, ko mai mota ya yi maka alkawarin babur. Ana yinsa ne da na'urar da ke riƙe batir a wajen volt 13 da rabi, fanka da fitilu a kashe, kwamfuta cike da caji a kan batirinta, ba a jikin janareta ba, kuma an hana ta barci. Wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, akwatin ba zai ƙara amsa ta soket ba, sai an ciro shi an buɗe a kan tebur an kama ƙafafun guntu. Mai wannan aikin da na yarda da hannunsa sai Duwala ko Kano, kuɗin aikawa da na dawowa kuma daga aljihunka za su fita.