Amsa ga ɗan uwa mai tambaya kan situfar pelet

Wa alaikumus salam ɗan uwa, barka da zuwa, Allah ya sa an tare a sa'a. Ka ce gidan da kuka kama a wajen Brescia akwai situfar pelet a falo, wato murhun ɗumama ɗaki mai ƙona ƙwayoyin katako, kana so ka san ko za ta ɗumama gidan duka har ka rufe gas, da kuma buhu nawa za ka tanada. Na daɗe ina amfani da ita a nan yankin Lombardiya na Italiya, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Maganar rufe gas ɗin nan kar ma ka fara. Situfa inda aka ajiye ta nan take ɗumamawa, falo zai yi zafi har yara su tuɓe rigar sanyi amma ka leƙa ɗakin kwana na can ƙarshe ka ji kamar ba gida ɗaya ba, ballantana banɗaki. Sai dai in irin wadda aka ja wa bututun iska zuwa ɗakuna ce, ko mai ɗumama ruwa da ake haɗawa da radiyeto, ƙarafan nan na jikin bango masu ɗumama ɗaki, to wannan daban, ka tambayi mai gidan hayar wace iri ce taku. Mu abin da muke yi shi ne situfa ta riƙe falo da kicin tun safe har dare, ƙofofi a buɗe, gas kuma a kunna shi kaɗan da asuba da lokacin kwanciya saboda ɗakuna. Ko a haka bil yana sauka sosai wallahi.

Shi pelet ɗin garin katako ne aka matse, in ka gan shi sai ka ce abincin kifi, buhu kilo 15. In tana ci a tsaka-tsaki lissafa wajen kilo ɗaya a awa, in ka ƙure ta tana iya kaiwa biyu. A Disamba da Janairu buhu guda a rana muke ƙonawa, Nuwamba da Maris buhun kan yi kwana biyu. Ana sayar da shi a kan katako, bankale suke ce masa, buhu 65 zuwa 70 wato wajen tan ɗaya kenan, gida irin naku ina ga ɗaya da rabi zai fitar da ku, in ginin tsoho ne mai shigar da iska ta taga to sai biyu.

Inda kuɗin yake tafiya ko ya tsaya shi ne wajen saye. Ka duba jikin buhu ka ga tambarin ENplus A1 da lambar kamfanin a ƙasansa, shi ne wanda danshinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, tokarsa kuma ba ta wuce 0.7 ba, kuma a Lombardiya ma doka ce A1 za ka ƙona a irin wannan situfar. Za ka ga mai araha a bakin manyan kantuna, yuro ɗaya ƙasa da na kirki, ka ji daɗi ka kwaso, bayan kwana kaɗan tokar ta dunƙule ta toshe ramukan kaskon da pelet ɗin ke ƙonewa a ciki, gilashi ya yi baƙi, wutar ta ƙi kamawa da safe kana sauri za ka aiki. Ɗaga buhun ka kalli gindinsa, in gari ya taru da yawa ajiye musu abinsu. Sannan ka fara sayen buhu biyu uku ka gwada kafin ka sa a kawo maka bankale, don kowace situfa da wanda take so.

Lokacin saye ma dabara ce, bana dai ka riga ka makara amma baɗi ka saya tun Yuni ko Yuli lokacin da kowa ke neman fanka, ya fi sauƙi. Waɗanda suke nan a 2022 za su ba ka labari, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren buhun da muke saya yuro 4 zuwa 5 ya haura yuro 10, har sai da gwamnati ta rage harajin da ke kansa daga kashi 22 zuwa 10 a 2023. Ka ajiye shi inda ruwa ba ya taɓawa, kar ka jibge a ƙasan gareji kai tsaye, da ya sha danshi kumbura yake ya koma gari, shi kenan an yi asara.

Shara kuwa ba ta da fashi. Kullum kafin ka kunna, tana sanyi, ciro kaskon ka zazzage ka tabbata ramukan a buɗe suke, minti biyu ne. Ka sayi injin zuƙar toka nasa na musamman, kar uwargida ta sa na share kafet, zai lalace. In ka kunna ta ƙi kamawa, zubar da pelet ɗin da ya taru a kasko kafin ka sake dannawa, in ka bar shi hayaƙi ne zai cika ciki ya kama gaba ɗaya da ƙara, kuma kar a riƙa zuba pelet da hannu cikin kaskon, ita ke sauko da abinta. Kashewa ma da maɓallinta ake yi a bar fankar ta gama huce ta, ba zare waya daga soket ba. Eh, da lantarki take aiki, in an ɗauke wuta ta tsaya, duk da nan ba kamar gida ba ne, ba kasafai ake ɗaukewa ba.

Tunda haya ce, kafin ka kunna ko sau ɗaya ka nemi mai gidan ya nuna maka takardar wanda ya kafa ta da ranar da aka share bututun hayaƙi na ƙarshe, sau ɗaya a shekara ake kiran ma'aikaci ya yi. Fita waje ka duba da idonka, bututun ya kamata ya hau har saman rufi, wanda aka huda bango aka fitar kawai ba daidai ba ne a dokar Italiya, kuma maƙwabta suna iya kai ƙara. Ka tambayi tauraro nawa gare ta, wato makin da ake ba situfa gwargwadon ƙarancin hayaƙinta, a yankinmu ƙasa da 3 an hana kunnawa.

Na ga ka ce kuna da mai rarrafe. Gilashin gaban nan yana ƙuna sosai, sa shingen ƙarfe ka zagaye ta, sannan ka sayi ƙararrawar nan mai kuka in iskar guba ta taru a ɗaki, ba ta da tsada, iskar ba ta da wari ko kaɗan. Ƙaramar kafar shigar iska da za ka gani a bango kar a cusa mata tsumma wai sanyi na shigowa, da ita wutar take numfashi. In ka ɗauko hoton takardar da ke manne a bayan situfar ka turo, zan duba maka kilowat nawa ce.