Ƙarfen da ya daɗe a wuta: me ke sa shi karyewa da tsakuwa-tsakuwa a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni maƙeri ne a Daura, gadon gidanmu ke nan. Da sifirin mota nake ƙera gatari da adda. Wani lokaci idan ƙarfe ya daɗe mini a wuta, bayan na gama na tsoma shi a mai, sara kaɗan sai bakin ya ɓalle. In na duba wurin karayar sai in ga tsakuwa-tsakuwa masu ƙyalli, alhali mai kyau ko ya karye fuskarsa sumul take, toka-toka. Baba yana cewa ƙarfen ya ƙone. Me ke faruwa a cikinsa, kuma yana gyaruwa? Sannan gwaggona mai ginin tukwane ce, ko tukunya ma haka take yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da aiki, a gaida Baba. Wallahi na ji daɗin yadda ka tsaya ka kalli wurin karayar, domin mu ma a ɗakin gwaji nan muke fara dubawa.

Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne kamar yadda ido ke nunawa. Ƙananan ƙwayoyi ne birjik, manne da juna ba rata. A cikin kowace ƙwaya atam-atam, wato mafi ƙanƙantar ɓurɓushin da ya haɗu ya zama ƙarfen, sun jeru sahu-sahu, sai dai sahun wannan bai fuskanci inda na maƙwabciyarta ya fuskanta ba, kuma inda suka haɗu nan ne iyaka. A ƙarfe mai kyau faɗin ƙwaya bai kai kaurin gashin kai ba. In kana son ganin manya da idonka, dubi sabon bokitin ƙarfe ko kwanon rufi mai zanen fure-fure a jiki: kowane fure ƙwaya ɗaya ce ta zinkin da aka lulluɓe shi da shi.

To, atam ɗin da ke bakin iyaka a takure yake, bai samu zama daidai a kowane sahu ba. Ƙarfe na sanyi ba shi da yadda zai yi. Da zafi ya yi yawa sai ya samu kuzarin tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan, iyakar ta riƙa matsawa a hankali. Ka zuba ruwan sabulu a kwalba ka girgiza, ka ajiye ka zuba ido: ƙananan kumfa za su yi ta ɓacewa, manya na ƙara faɗi. Abin da ke gudana cikin addarka ke nan tana kwance a gawayi. Babbar ƙwaya tana cinye ƙarama, jimillar iyakoki na raguwa. Har lissafinsa an yi: masana biyu, von Neumann a 1952 da Mullins a 1956, sun nuna cewa a shimfiɗe kamar zane a kan takarda, ƙwaya mai gefe ƙasa da shida ƙanƙancewa take yi, mai sama da shida kuma girma.

Me ya sa hakan ke raunana ƙarfe? Iyakokin nan shinge ne. Tsaga in ta taso, duk iyakar da ta tarar sai ta canza hanya, ƙarfinta ya ragu. Ƙwayoyi na girma, shingaye sun yi ƙaranci, sai ta tsaga ƙwaya guda fal ta wuce, ko ta bi ta bakin iyaka. Fuskokin ƙwayoyin ne kake gani suna ƙyalli. Masana biyu a Ingila, Hall a 1951 da Petch a 1953, su suka tabbatar da cewa iya ƙanƙantar ƙwaya iya ƙarfin ƙarfe.

Abin da nake so ka riƙe shi ne zafi ya fi lokaci ɓarna, nesa ba kusa ba. Ta fuskar lokaci, kafin ƙwaya ta ninka faɗinta sai an ninka zamanta a wuta aƙalla sau huɗu. Zafi kuwa ɗan ƙari kaɗan ke sa girman ya zabura. Ƙarfen sifirin yana buƙatar wajen digiri 800 zuwa 850 na ma'aunin Celsius ne kawai kafin a tsoma shi, wato ja sosai. In ka bar mai zugazugi ya kai shi rawaya, ya haye digiri 1000, minti kaɗan sun isa. Lokacin ƙira wannan bai cika damuwa ba, tunda dukan masaba yana sa sababbin ƙananan ƙwayoyi su fito. Matsalar ita ce ɗumamawar ƙarshe, wadda babu duka bayanta. Kuma ka lura, hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe, wanda ka gani ja a fili a inuwa ya kusa ruwan lemo. Ka riƙa dubawa a cikin rumfa, ka kuma ajiye maganaɗisu kusa, na tsohuwar sifika ma ya isa. A digiri 770 ƙarfe ke daina kama shi.

Gyara kuwa akwai, alhamdu lillahi. Sama da digiri 727 jerin atam na ƙarfe yana fara sauya tsari, kuma duk sauyin sababbin ƙwayoyi ake haifa a bakin tsofaffin iyakoki. Sai ka ɗumama shi ya ɗan wuce inda maganaɗisu ya sake shi, ka cire da awartaki ka bar shi ya huce a iska har jan ya ɓace. Yi haka sau biyu ko uku, sannan ka tsoma a mai. Bayan nan kada ka tsallake ɗan gashin nan na wajen digiri 200 zuwa 250, inda bakin ke yin ruwan kara, don rashinsa ma yana ɓalle baki ko da ƙwayoyin ƙanana ne. Maganar Baba tana da wurinta: ƙarfen da ya kai fari yana tartsatsi, iyakokinsa sun fara narkewa, iska ta ci su. Wannan ya ƙone da gaske, yanke wurin kawai za ka yi.

Tukunyar Gwaggo ba ta kai nan ba. Wutar kara da itace da ake gasa tukwane da ita yawanci ba ta wuce digiri 900, ƙwayoyin yumɓu mannewa kawai suke yi da juna. Fashewarta ta fi zuwa daga danshin da bai gama fita ba, ko yashin ciki da ke kumbura farat ɗaya a digiri 573. Ko kawolin, wato farar ƙasa irin ta Ƙanƙara da ake tangaran da shi, sai ya haye digiri 1000 sababbin ƙwayoyi masu kama da allura ke tsirowa a cikinsa.

Inda girman ƙwaya ke ba masu tangaran wahala shi ne a masana'anta, wajen kayan da ake gasa garinsu ya dunƙule ba tare da ya narke ba, irin su alumina, farin garin da ake samo alminiyam daga gare shi, wadda sai ta wuce digiri 2000 take narkewa. A nan ba masaba, ba kuma dabarar sake haifar ƙwayoyi, abin da ya girma ya girma. Wani lokaci ma ƙwaya ɗaya ce ke tsere wa sauran ta yi ƙatuwa, iyakarta ta yi gudu ta bar ramukan iska a tsakiyarta, inda ba za su ƙara fita ba. Robert Coble na kamfanin General Electric a Amurka ya gano maganin a ƙarshen shekarun 1950: ɗan garin wani farin sinadari mai suna magnesiya da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba yana rage wa iyakokin gudu, ramukan su samu fita, har aluminar ta riƙa wuce da haske. Da ita ake yin bututun da ke cikin fitilun titi masu hasken rawaya. Masu narka ƙarfe ma haka suke yi, suna zuba ɗan alminiyam ko wani ƙarfe mai suna banadiyam, ƙananan ɓurɓushinsu su tokare iyakoki. Shi ya sa za ka ga wani sifirin ya jure wutar da ta lalata wani.