Na je neman maganin rage ƙiba, likita ya ce in kama rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 41, nauyina kilo 98, kuma an ce jinina ya fara hawa. Na je asibiti neman maganin rage ƙiba, sai likitan ya yi ta jero mini tambayoyi, daga ƙarshe ya ce in riƙa rubuta duk abin da na ci, in dawo bayan mako biyu. Anya ba sallamata kawai ya yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bai sallame ki ba, aikin ne ya fara daga tushe.

Yawancinmu ba mu san yawan abin da muke ci ba. Muna tuna abincin da aka zuba a faranti, mu manta da ɗan taɓa-taɓa a tsaye, da lemon kwalba, da ragowar yara da aka ƙarasa don kada a zubar. Rubutun ne ke tona waɗannan. Ki rubuta har da lokaci da halin da kike ciki: yunwa ce, ko gajiya, ko ɓacin rai, ko kawai kin ga ana ci? A nan likitan zai gane inda gizo ke saƙar. Tambayoyin da ya yi miki ma da gangan ne, domin mutum ya fi riƙe shawarar da ta fito daga bakinsa fiye da wadda aka ɗora masa.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan wannan hanya. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka, kan mutane sama da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Wasu aka ba su metformin, wani maganin ciwon suga, wasu kuma aka riƙa zama da su a kai a kai, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako. A cikin kusan shekara uku, maganin ya rage kamuwa da cutar da kashi 31, sauya ɗabi'a kuwa da kashi 58. Ki lura, zama 16 aka yi da su a watanni shida na farko. Saboda haka, a ganina, "ki dawo bayan mako biyu" ita ce magana mafi tsada da ya faɗa miki.

A lissafinki, rage kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinki kilo biyar zuwa bakwai ke nan. Ya yi miki kaɗan a kunne, na sani, amma ya isa ya taɓa hawan jini da suga. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau.

Idan kin koma, ku tsayar da abu ɗaya ko biyu ƙwarara. "Zan rage ci" ba ya aunuwa. "Zan yi tafiyar minti 20 bayan abincin dare, kwana biyar a mako" yana aunuwa. Abin da ke jan ki kuma, ki daina ajiye shi a inda ido ke kaiwa, ya fi sauƙi a kan kokawa da zuciya kullum. Ki faɗa masa yadda barcinki yake, da duk maganin da kike sha, don wasu na ƙara nauyi.

Bayan 'yan watanni sikeli zai iya tsayawa cak. Jiki ne ke kare kansa: yunwa ta ƙaru, ƙona abinci ya ragu. Yawanci a nan ake jin kunya a daina zuwa asibiti, alhali lokacin ne aka fi buƙatar zuwa. Kuma idan an yi ƙoƙarin nan jini bai sauka ba, ko aka gano suga, ki sake tayar da maganar magani. Akwai magungunan rage ƙiba, kuma takardar da kika cika za ta taimaka wa likitan ya san wanda ya dace da ke.