Wai me ya sa masu opera suke ihu haka?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai karanta wasan kwaikwayo, lakcaranmu ya ce mu kalli opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, mu rubuto abin da muka fahimta. Wallahi na kunna a YouTube sai ga wata mata tana ta kurma ihu, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Ta ina zan fara? Daga Zariya.

Amsa: Ƙanwata ba ihu ba ne, horo ne na shekara da shekaru. Ki tuna lokacin da abin ya taso babu makirufo babu lasifika, mace ɗaya za ta tsaya a dandamali ga makaɗa birjik a ramin da ke gabanta kuma dole wanda ke can ƙarshen bene ya ji ta, shi ya sa suke koyon janyo numfashi tun daga ciki, har yau ma a manyan gidajen opera galibi da zallar murya ake yi.

Asalin opera Italiya ne, a Florence, ƙarshen ƙarni na 16, wasu masana ne suka so farfaɗo da wasan kwaikwayon Girkawan da, don a ganinsu rera shi ake yi. Wasan L'Orfeo na mai tsara kiɗa Monteverdi da aka yi a Mantua a 1607 har gobe ana saka shi. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko a Venice wanda kowa zai sayi tikiti ya shiga, kafin nan sai a fadar manya.

Ni dai shawarata ki fara da wasan Aida na mai tsara kiɗa Verdi, wanda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871. Karanta labarin tukuna kafin ki kunna: Aida 'yar sarkin Habasha ce aka kamo baiwa a Masar, ta faɗa son Radames, kwamandan da aka tura ya yaƙi ƙasar ubanta. Nemi mai fassara a ƙasan allo. Ki kasa kunne ki rarrabe inda waƙar ke gudu kamar magana don labari ya ci gaba, da inda komai zai tsaya mutum ɗaya ya amayar da abin da ke zuciyarsa, wannan shi ne aria, kuma nan ne daɗin yake.

Don Allah kar ki tsallake ƙarshen, inda aka rufe Radames da rai a ƙarƙashin ƙasa ya tarar Aida ta riga shi shiga ta ɓuya tana jiransa. Ki saurari yadda muryar nan da kika kira ihu take komawa siririya kamar zare. Wannan wurin za ki rubuta wa lakcaranku.