Tambaya da Amsa: Kuɗin Zuwa Taron Masana Tarihi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na uku a fannin tarihi. An karɓi maƙalata a wani taro a Jamus, amma kuɗin jirgi ya fi ƙarfina. Ina zan nemi tallafi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da masu shirya taron. Manyan taruka irin su ECAS, taron nazarin Afirka da ake yi a Turai duk bayan shekara biyu, sukan ware wani abu domin masu zuwa daga Afirka. Sai dai fom ɗin tallafi daban yake da na maƙala, kuma ana rufe shi da wuri. Ɗalibai da yawa a nan suke yin asara: suna jiran wasiƙar gayyata, lokaci ya wuce.

Za a nemi taƙaitaccen bayanin maƙalar, da tarihin karatunki, da wasiƙar malamin da ke duba aikinki, da kasafi. Kasafin nan ki zauna masa. Ki rubuta jirgi daga Abuja ko Kano, kwana nawa a masauki, rajista, biza, inshora, kowanne da farashinsa. Wanda ya rubuta dunƙulen adadi kawai, da wuya a kula shi.

In kina koyarwa a jami'ar gwamnati, akwai tallafin halartar taro na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, amma ta hannun jami'arku ake nema, kuma na ma'aikata ne, ɗalibi zalla ba ya ciki.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin tallafin nan biyan baya ne. Ke za ki fara kashewa, a mayar miki bayan taro. Saboda haka ki tambaya a rubuce ko su za su sayi tikitin. In ba su ba ne, ki adana kowane rasit, har da katin shiga jirgi, domin shi ne shaidar kin yi tafiyar.

Sai biza. Ta Schengen, wadda ake shiga Jamus da ita, Yuro 90 ce, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata 6, to kada ki jira. Wasiƙar gayyatar ta fayyace abin da suka ɗauke miki. Kada ki sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

TAMBAYA: Ni kuma an hana ni tallafin. In haƙura? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: A'a, Malam. Rubuta musu ka roƙi a yafe maka kuɗin rajista, ka kuma tambaya ko za ka iya gabatarwa ta intanet. Sannan ka duba na gida: Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, tana taron shekara-shekara, kuma kuɗin mota da masauki sashenku zai fi iya taimakawa da su in ka kai takarda ta hannun shugaban sashe.